Hannun Hagu na Rigar Rosemary

Ranar Asabar, ashirin ga watan Yuli na shekarar 2024, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, Serah ta juye kwandon zaren surukarta a kan tabarma, a barandar gidan da take haya a Kafanchan, ta ƙirga abin da ke ciki. Dunƙule ashirin da uku ne na zaren ulu, launi tara. Babbansu bai wuce lemun zaƙi ba, ƙaraminsu kuwa kamar goro. Ta riga ta auna su a ma'aunin jarirai na asibitin da take aikin jinya, ta sami giram ɗari uku da goma. Rigar sanyi ta yarinya mai shekara shida tana cin kusan ɗari uku. Saura kwana ashirin da takwas a yi taron dangi a Samaru Kataf.

Ga dalilin taron. Mijin Serah, Patrick, ya rasu a watan Maris na 2021, ya bar ta da 'ya ɗaya, Rosemary. Bayan shekara uku wani manomin citta daga Kachia, mai suna Jonathan, ya aiko dattawansa neman aurenta. Baba Kumai, ƙanen mahaifin Patrick, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya saurare su har ƙarshe, sannan ya ba da amsar da al'ada ta tanada tun kafin a gina majami'a ta farko a ƙasar, tun kafin layin dogo ya iso Kafanchan: mace tana da ikon auren wanda take so, amma ɗa na gidan ubansa ne. In Serah ta auri ɗansa Kevin, ita da yarinyar suna nan cikin gida. In ta zauna ba aure, ba mai taɓa ta. In kuwa ta bi Jonathan zuwa Kachia, ta bar Rosemary a Samaru Kataf.

Tana tsakiyar jera zaren launi launi sai ta ji sallamar Jonathan. Ya jingine babur ɗinsa, ya cire hula, ya zauna a bakin baranda, nesa da ita kaɗan, kamar yadda ya saba saboda idon maƙwabta.

"Sista, kin buɗe shago ne ban ji labari ba?"

"Ragowar zaren Mama Mildred ne, mahaifiyar Patrick. Da idonta ya daina gani ta ba ni kwandon. Riga zan saƙa wa Rosemary."

Jonathan ya dubi zaren, ya dubi fuskarta. Murmushinsa ya ɗauke.

"Rigar da za ta tafi da ita ke nan?"

Serah ta sunkuya kan zaren. Ta ɗauki wani shuɗi, ta ajiye, ta sake ɗauka.

"Serah, dube ni. Ni na san abin da ake kira asara. Bara cutar shuka ta cinye mini citta gona biyu, na tsaya ina kallo tana ruɓewa a ƙasa. Na daure, domin citta ce, ana sake shukawa. Amma in aurena ne zai raba ki da yarinyar nan, gobe zan tura dattawana su janye magana."

"Wa ya ce ka janye?" Hawaye ya riga ya sauko mata. "Kullum kai ne mai saurin haƙura. Ka taɓa tambayata ko ni ina so ka haƙura? Shekara uku ina dafa abinci, in zuba, in ci ina kallon bango. Ka zo ka koya mini dariya, yanzu kuma ka ce za ka ɗauki hularka ka tafi?"

"To me zan yi? Faɗa mini, in yi."

"Ban sani ba, Jona. Da na sani da ban zauna ina ƙirga zare ba. Ka bar ni in saƙa. Hannuna yana aiki, kaina yana tunani. Kafin in gama zan san abin da zan faɗa musu."

Ya dubi zaren da ke kan tabarma. Can ya miƙa mata hannayensa biyu.

"To, rataya mini wancan da ya cukurkuɗe, ki naɗe. Ko wannan na iya."

*

Mama Mildred ta koyi saƙa a wurin matan mishan a Kagoro, kuma ita ta koya wa Serah a shekarar farko ta aurenta. Hanyarta dabam take da ta yawancin matan ƙungiyar Zumunta ta majami'a. Ba ta farawa daga ƙasa. Daga wuya take farawa ta gangaro, domin yaro ba ya tsayawa yadda aka auna shi, kuma rigar da aka fara daga wuya ana iya ƙara mata tsawo duk ranar da aka ga dama.

Haka Serah ta yi. Ta sa ruwan toka a wuya, domin shi ne mai jure dauɗa. Ta bi da rawaya layi shida, ja layi huɗu, sannan shuɗin nan da ta daɗe tana juyawa, wanda ragowar rigar da aka saƙa wa Patrick ne lokacin da zai tafi sakandare. Duk inda launi ya ƙare sai ta ɗaura wani, ta ɓoye ƙullin ta ciki. Rosemary takan zo ta tsaya a gwada mata, ta ɗaga haɓa kamar soja.

"Mama, zan sa ta in nuna wa Kaka?"

"Za ki sa."

"Ai Kaka ba ta gani."

"Kakarki da hannu take gani. Tsaya daidai."

A rana ta tara Kevin ya zo daga Kaduna, inda yake sayar da wayoyi. Mutum ne mai fara'a da yawan surutu, ba mugu ba. Ya shigo da ledar burodi da wata jaket mai kyau ta kanti.

"Matarmu! Har yanzu kina fama da tsumman zaren nan? Ga sabuwa dal na kawo wa 'yata. Ki huta."

"An gode, Kevin. Allah ya ƙara buɗi."

Ya zauna, ya rage murya. "Serah, bari in faɗa miki gaskiya. Tare muka tashi da Patrick, kwano ɗaya. Ba zan wulaƙanta ki ba, ba zan wulaƙanta jininsa ba. Me mutumin Kachia zai ba ki? Gonar da ta mutu? Ki zo gida, kowa ya huta. Baba ya huta, ke ki huta, yarinya ta huta."

"Kai fa, za ka huta da matar da zuciyarta ke wani wuri?"

Kevin ya sosa ƙeya, ya yi dariya. "Abeg, wannan tambayar ta fi ƙarfina. Mu haɗu a Samaru."

Serah ta ci gaba da saƙa. Ta gama jikin rigar a rana ta goma sha ɗaya. Da ta iso layin ƙarshe ba ta kulle shi ba. Ta zura wani farin zare cikin idanun saƙar, ta ɗaure, ta bar shi haka. Ta kama hannun dama, ta gama shi a rana ta goma sha huɗu. A wannan yammacin ta gwada wa Rosemary, yarinyar ta rungume ta da hannu ɗaya cikin riga, ɗaya a waje, ta ce, "Mama, kina ƙanshin zare."

A nan Serah ta san amsarta.

Washegari, Lahadi, huɗu ga Agusta, aka kwana ana ruwa. Tana saukowa daga matakalar majami'a santsi ya kwashe ta, ta dafa ƙasa da hannun dama. Ƙashi bai karye ba, amma wuyan hannun ya kumbura, likita ya naɗe shi, ya ce mako uku kada ta riƙe ko cokali.

*

Jonathan ya iso ranar Litinin, jiƙe sharkaf. Bai ko zauna ba ta ce masa:

"Jona, na gama tunani. Ba zan iya barin ta ba. Na gwada a zuciyata sau ɗari. Na ce zan riƙa zuwa ganinta, na ce hutu zai zo, na ce yara suna sabawa. Ƙarya nake yi wa kaina. Ranar taro zan ce na fasa. Ba zan auri Kevin ba, amma kai ma ba zan aure ka ba. Ka yafe mini."

Ruwa yana ɗiga daga rigarsa zuwa siminti. Ya daɗe yana kallon ɗigon.

"Babu abin yafewa," ya ce. "Da kin ce za ki iya barin ta, da ba ke ba ce wadda nake so."

"Kada ka yi mini magana mai daɗi. Ka yi faɗa mana! Ka ce na ɓata maka lokaci!"

"Kin ɓata mini lokaci," ya ce, yana share ido da bayan hannu. "Shi ne lokaci mafi daɗi da aka taɓa ɓata mini."

Suka yi kuka tare, shi a bakin baranda, ita a kan kujera, taku uku tsakaninsu. Rosemary ce ta katse su. Ta fito riƙe da rigar mai hannu ɗaya, ta tsaya gaban uwarta.

"Yanzu wa zai gama? Kin ce zan nuna wa Kaka."

"Sai hannuna ya warke, Rosy."

"Ai kafin nan an gama taron."

Yarinyar ta fara taɓe baki. Jonathan ya miƙa hannu ya karɓi rigar, ya juya ta, ya leƙa ramin da hannun hagu zai fito.

"Sista, abin nan da wuya?"

"Jonathan, kada ka ba ni dariya ina kuka."

"Tambaya na yi. Mutumin da ya iya kwance injin ban ruwa ya mayar, zare zai gagare shi?"

Ya kusa gagarar sa. Hannun riga da allura huɗu ake saƙa shi a zagaye, Jonathan kuwa ya ce bai ga dalilin ba mai hannu biyu allura huɗu ba. Yatsunsa na noma ne, masu kauri da kanta. Yakan ja zare kamar mai ɗaure buhu, har allura ta ƙi shiga. Serah tana gefe tana cewa, "Sassauta! Ba akuya ba ce, ba za ta gudu ba." Matan gidan suka fito da kujerunsu. Wata ta ce a kira mai hoto.

Ya tafi da aikin Kachia cikin leda. Ranar da ruwa ya hana shi hawa babur ya shiga motar haya yana saƙa, direba ya tambaye shi ko matarsa ce ta yi masa asiri. Ya ce ba shi da mata. Sai wata tsohuwa ta matso ta nuna masa inda ya zubar da idon saƙa biyu.

Sau shida ya warware. A na bakwai ya kai ƙarshe, ranar Jumma'a, sha shida ga Agusta. Abin da ya rage na zaren duka bai kai ya cika tafin hannu ba.

*

Taron ya zauna a falon Baba Kumai da ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Maza bakwai na gidan, Kevin a cikinsu. Jonathan da dattawansa biyu, waɗanda suka zo janye maganarsu da bakinsu kamar yadda suka kawo ta. Serah a kan tabarma. Mama Mildred a kujerarta kusa da taga, sanda tsakanin gwiwoyinta. Aka buɗe da addu'a.

Serah ta durƙusa. "Baba, na gode da haƙurinku. Na fasa auren. Zan zauna da 'yata yadda nake."

Baba Kumai ya gyaɗa kai. "Kin yi tunani. Maganar Kevin fa?"

"Ita ma a bar ta, Baba."

"To. Baƙinmu na Kachia, kun ji da kunnenku."

Babban dattijon Kachia ya gyara zama zai yi magana, sai Mama Mildred ta buga sandarta a ƙasa.

"Ina jikata? Tun ɗazu nake jin ƙafarta a bakin ƙofa. Shigo, kishiyar tsofaffi, in ga abin da aka ce kin sa."

Rosemary ta shigo da gudu ta faɗa jikinta. Tsohuwar ta fara daga wuya. Yatsunta suka bi layi layi, tana magana kamar mai karanta wasiƙa.

"Daga wuya ta fara, madalla. Wannan mai laushin na hular Fasto ne. Wannan na safar jaririn maƙwabciyarmu Jacinta. Wannan..." Ta tsaya a kan shuɗin. Ba ta faɗi sunansa ba, ta dai shafa shi sau biyu, ta wuce. Da ta iso ƙasan rigar sai ta ci karo da farin zaren.

"Maman Rosemary, ba ki kulle ƙasan ba."

"Ban kulle ba, Mama."

"Mantuwa?"

Serah ta sunkuyar da kai. "Lokacin da na kai wurin, ina zaton zan iya barin ta a nan. Na ce in na bar shi a buɗe, kowace shekara dole a kira ni in zo in ƙara tsawo. Ba wanda zai hana ni shiga gidan nan in riga ce ta kawo ni."

Tsohuwar ta ci gaba. Ta bi hannun dama har wuyan hannu, ta koma na hagu. Nan take ta ɗaure fuska.

"Yesu mai ceto! Wane ne ya yi wannan ɗanyen aiki? Nan tauri kamar igiyar shanu, nan sako-sako kamar ragar kifi. Ga rami. Ga wani ramin. Kuma ya fi na dama tsawo da yatsa biyu. Serah, shekara nawa ina koya miki? Wannan ba hannunki ba ne."

Jonathan ya miƙe, hula a hannu. "Mama, ni ne mai laifin."

Dariya ta ɓarke. Kevin har da dukan cinya. "Oga citta! Ashe har saƙa ake yi a Kachia?"

"Ku yi mini shiru," in ji Mama Mildred. "Kai ɗan Kachia, zaren nan ya yi laushi, ya sha warwara. Sau nawa?"

"Sau shida, Mama."

"Don a ba ka mata ka sha wannan wahala?"

"A'a, Mama. Ranar da na fara, ta riga ta faɗa mini ta fasa."

"To don me?"

Jonathan ya murza hularsa. "An yi wa yarinyar alkawari za ta nuna wa kakarta. Kuma ana sanyi."

Tsohuwar ta daɗe riƙe da hannun rigar, da ɗan hannun da ke cikinsa. Da ta buɗe baki, ƙanen mijinta ta fuskanta.

"Kumai, na shigo gidan nan kana aji uku, ni na riƙa cire maka ƙaya a ƙafa, saboda haka ka saurare ni. Ubana ya mutu a 1955. Bayan shekara biyu uwata ta yi aure a Bukuru, aka riƙe ni a gidan ubana, bisa wannan al'adar da ka faɗa. Ba a zalunce ni ba. An ba ni abinci, an kai ni makaranta. Amma sau biyu na ƙara ganin uwata kafin ta mutu, na biyun ma ban gane ta ba sai da aka nuna mini. Kana tsammani don me na zauna shekara sittin ina saƙa wa 'ya'yan mutane riga?"

"Mama, al'ada ba ni na kafa ta ba," in ji Baba Kumai a hankali. "Jinin Patrick ne. In ta tafi Kachia, ta tashi ba ta san ƙofar gidan ubanta ba, me zan ce wa yayana ranar da muka haɗu?"

"Tsoronka ke nan, kuma tsoro ne mai kyau. To ga magani a jikin rigar. Uwarta ta bar ƙasan a buɗe don ta riƙa zuwa nan. Mu juya shi. Yarinya ta zauna da uwarta, amma kada a ƙara wa rigar nan ko layi ɗaya sai a falon nan, a gabana. Kowane hutu a kawo ta a auna. Zaren ya ƙare, saboda haka gidan nan ne zai sayi na ƙari. Sunan ubanta yana nan. Ranar da mai nema ya zo, ƙofarka zai buga, ba ta Kachia ba. Me al'ada ta rasa?"

Baba Kumai ya dubi 'yan'uwansa ɗaya ɗaya. Ya dubi ɗansa.

Kevin ya ɗaga hannuwa sama. "Baba, kada ka dube ni. Ni ko maɓalli ban iya ɗinkawa ba. Mutumin da aka ce masa a'a ya je ya zauna da allura huɗu, ni ba zan yi takara da shi ba. Zaren ƙarin ma ni zan riƙa kawowa daga Kaduna."

Baba Kumai ya yi ajiyar zuciya. Ya kira Rosemary, ya kama dogon hannun rigar da ya rufe mata yatsu, ya naɗe shi sau ɗaya.

"Baƙinmu na Kachia," ya ce, "maganar da kuka zo janyewa, ku bar ta inda take."

Serah ta kifa fuska a cinyar surukarta tana kuka, tsohuwar tana bubbuga bayanta tana cewa, "Ya isa, 'yata, za ki jiƙa mini zane." Jonathan ya durƙusa ya ce in an ba shi mako ɗaya zai warware hannun ya gyara.

"Ka taɓa shi ka gani," in ji Mama Mildred. "Hannunta zai cim masa."

An ɗaura auren Serah da Jonathan a Kafanchan ranar Asabar, ashirin da takwas ga Disamba, 2024, Baba Kumai ne ya tsaya a matsayin uban amarya. A hutun Agusta na 2025 aka kai Rosemary Samaru Kataf, aka ƙara wa ƙasan rigar layi goma sha biyu, hannun dama layi takwas. Hannun hagu bai buƙaci ƙari ba.